Tahamisin Na'ura: Sharhi a Kan Sake Wasan Skyrim da Kwaskwarimar 'Yan Wasa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi nazarin wata al'ada da ta kafu tsakanin masu wasannin kwamfuta, watau komawa ga wasan da mutum ya riga ya gama, ya sake shi tun daga farko bayan ya ɗora masa gyare-gyaren da wasu 'yan wasa irinsa suka ƙaga. Masu wannan harka suna kiran kowane gyara da sunan mod. A nan za mu kira shi kwaskwarima, wanda ya ƙage shi kuwa mai kwaskwarima. Wasan da za mu kafa hujja da shi shi ne The Elder Scrolls V: Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na ƙasar Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 1911 da shekara ɗari, watau 2011, a ƙarƙashin jagorancin Todd Howard. An zaɓe shi ne domin da wuya a sami wani wasa mai labari da ya sha kwaskwarima kamarsa, kuma da wuya a sami wanda aka yi ta komawa gare shi kamarsa.

Mai yiwuwa wani ya tambaya me ya kawo wasan yara taron masana adabi. Amsa ita ce wannan wasa yana da jigo, yana da taurari, yana da zubi da tsari, kuma yana tayar wa manazarci tambayar da ta daɗe tana damun masu nazarin rubutattun waƙoƙi da masu nazarin tatsuniya: in abu guda ya zo da kamanni da yawa, wanne ne matanin da za a yi wa sharhi? Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kwaskwarima ita kanta sharhi ce, sharhin da aka rubuta da aiki a jikin matani, kuma idan aka bi ta a hankali za ta nuna inda ƙarfin Skyrim yake da inda rauninsa yake fiye da yadda masu yabo da masu kushe suka nuna.

Wasan da Ƙasarsa

Skyrim sunan lardi ne mai sanyi da duwatsu a arewacin wata nahiya ta almara da ake kira Tamriel. An kasa shi gunduma 9, kowace da hakiminta. Mai wasa yakan zaɓi jinsinsa daga cikin jinsi 10, ya kuma bunƙasa sana'o'i 18 ta hanyar yawan aikata su: wanda ya yawaita harbi ya gwanance da baka, wanda ya yawaita ƙira ya zama maƙeri. Labarin yana farawa ne da tauraro a ɗaure cikin keken doki, ana kai shi garin Helgen domin a fille masa kai tare da wasu 'yan tawaye. Kafin gatari ya sauka sai Alduin, babban dodo mai fukafukai mai aman wuta, ya afka wa garin, fursuna ya kuɓuta. Daga nan igiyoyin labari biyu ne manya. Ta farko, tauraro zai gane cewa shi ne wanda aka haifa da ran dodo, kuma shi kaɗai ne zai iya hallaka Alduin. Ta biyu, yaƙin basasa tsakanin Daula da mayaƙan Ulfric Stormcloak, wanda tushensa yarjejeniyar da ta haramta bautar Talos.

To, amma abin da ya bambanta irin wannan wasa da littafi shi ne abin da ake kira buɗaɗɗiyar duniya. Da zarar an fita daga kogon Helgen, babu mai tilasta wa mutum bin ko wace igiya. Yana iya barin dodanni da yaƙi, ya nufi kowane dutse da idonsa ya hango, ya shiga ƙungiyar ɓarayi a Riften ko makarantar masu sihiri a Winterhold, ko ya zauna yana saran itace yana sayarwa. Daɗin wasan na farko yana cikin rashin sani ne: ba a san abin da ke bayan tudu ba, sai an hau.

A nan matsalar sakewa take. Wanda ya koma karo na biyu ko na biyar ya san abin da ke bayan tudun. Ya san cewa ɗan kasuwar Riverwood zai yi kukan an sace masa farcen zinariya, ya san farcen yana kushewar Bleak Falls, ya ma haddace alamomin da ke buɗe ƙofar. Abin da yake nema a wurin masu kwaskwarima shi ne su mayar masa da ƙasar baƙuwa.

Ya kamata a lura cewa kamfanin da kansa ne ya buɗe wannan ƙofa. Tun a wasan Morrowind na 2002 Bethesda yake bai wa jama'a kayan aikin da ake gina wasan da su, kuma a watan Fabrairu na 2012 ya saki na Skyrim, mai suna Creation Kit. Dandalin Nexus Mods, wanda asalinsa ya koma 2001, shi ne babbar kasuwar da ake ajiye waɗannan gyare-gyare, dubun dubata, akasarinsu kyauta.

Kwaskwarima a Matsayin Sharhi

Duk wanda ya ɓata watanni yana sauya wani sashe na wasa, ya yanke hukunci ke nan cewa sashen bai gamsar ba. Duk wanda kuma ya ɗora wannan sauyi ya amince da hukuncin. Saboda haka jerin kwaskwarimar da ta fi karɓuwa tamkar takardar tuhuma ce da jama'a suka sa wa hannu.

Ba za mu daɗe a kan kwaskwarimar ado ba, irin wadda ke ƙara wa duwatsu da itatuwa da fuskoki kyau, ko ta sauya haske da yanayin sama. Ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi ƙarancin abin faɗa: kayan 2011 sun tsufa, an sake musu fenti. Haka kuma SkyUI, wadda ta gyara allon kaya da aka tsara domin masu riƙe da na'urar wasa ta hannu, ta mai da shi daidai da mai zama gaban kwamfuta. Waɗannan aikin magini ne.

Wadda ta fi jan hankalin manazarci ita ce kwaskwarimar da ke jayayya da niyyar mawallafi. Mu ɗauki mafarin labarin. Akwai wata sananniya mai suna Alternate Start, wadda ke kawar da keken dokin nan gaba ɗaya. Mai wasa yakan farka a wani kurkuku, ya tsaya gaban gunkin Mara, ya zaɓi ko shi wane ne: mafarauci a daji, ko wanda jirgin ruwa ya kife da shi, ko mai gida a birni, ko ɗan wata ƙungiya. Dodanni ba za su bayyana ba sai ya ga dama ya je Helgen da ƙafarsa. Mutane kan ce dalilinta gajiya ce da maimaita mintocin farko, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni a ganina hukuncin ya fi haka zurfi. Wasan ya yi wa mutum alkawarin zama duk wanda yake so, sa'an nan cikin sa'o'i kaɗan ya sanar da shi cewa shi ne zaɓaɓɓen da annabce-annabce suka ambata, duniya kuma na gab da halaka. Waɗannan abubuwa biyu ba sa zama inuwa guda. In har duniya na gab da halaka, babu hujjar tsayawa tsintar furanni. In kuwa akwai lokacin tsintar furanni, to, barazanar ƙarya ce. Mawallafan sun warware wannan da sa Alduin ya yi ta jira har abada, ko da mai wasa zai shekara yana ƙira. Mai kwaskwarima ya warware ta da ɗage annabcin. Warwararsa ta fi gaskiya.

Misali na biyu shi ne sanyi. Duk abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji a Skyrim yana cewa ƙasar ƙanƙara ce mai kisa, amma a wasan asali mutum yana iya ninkaya cikin tekun arewa tsirara ya fito lafiya lau. Kwaskwarimar Frostfall ta sa jiki ya ji sanyi, tufa ta jiƙe, dare ya fi rana haɗari, wuta ta zama abin nema. Da wannan sauyi guda sai taswirar ta sake ma'ana. Masauƙin da a da ake wucewa ba a waiwaya ya zama abin da ake lissafin isa gare shi kafin faɗuwar rana, hawan matakalan High Hrothgar ya zama tafiyar da ake yi wa guzuri. Ba a ƙara ko dutse ɗaya ba, amma ƙasar ta yi faɗi. Kamfanin ya amsa wannan tuhuma a aikace, domin a 2017 ya fitar da nasa tsarin yunwa da sanyi da gajiya na sayarwa, a 2021 kuma ya ba da shi kyauta.

Na uku, kuma mafi tsanani, shi ne Requiem. A wasan asali ƙarfin abokan gaba yana bin ƙarfin mai wasa gwargwado, domin kada ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa ƙwarai, kada kuma ya rasa abokin karawa. Requiem ta yanke wannan igiya. Kowane wuri yana da haɗarinsa tsayayye, kuma kushewar Bleak Falls da sabon shiga ke ratsawa cikin sauƙi ta zama wurin da ake shiga a mutu sai an shirya. Abin da wannan ya fallasa shi ne babban raunin Skyrim, watau tsoron hana mai wasa wani abu. Wasan ba ya son ya ce a'a. Mutum yana iya zama shugaban makarantar Winterhold alhali bai san sihiri ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, ya kuma haɗa wannan muƙami da shugabancin mayaƙan Whiterun da na ɓarayi da na makasa, babu wanda zai tambaye shi yadda aka yi. Sarautar da kowa ke samu ba ta da armashi. Masu sake wasa da yawa sun gane haka, shi ya sa suke ɗora wa kansu takunkumin da mawallafi ya ji tsoron ɗora musu.

Abin mamaki kuma, a wuri guda da wasan ya dage ya ce a'a, nan ma an yi masa gardama. Paarthurnax tsohon dodo ne da ya taɓa zama na hannun daman Alduin, ya tuba, ya koya wa mutane hanyar yaƙarsa, ya kuma taimaki tauraro. Daga baya ƙungiyar Blades ta ce sai an kashe shi saboda laifinsa na da, in ba haka ba ba za ta ƙara ba da taimako ba. Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a dukan labarin, ko tuba tana shafe tsohon laifi, amma mawallafan ba su bai wa mai wasa bakin yin musu ba: ko ya kashe, ko ya bar aikin a rataye. Kwaskwarimar The Paarthurnax Dilemma ta ƙara zance inda tauraro zai ƙi, ya kuma tilasta wa Blades su haƙura. A nan ra'ayina ya rabu biyu. Daidai ne a bai wa tauraro baki. Amma da aka sa ƙin ya zama ba shi da hasara, sai aka zare ƙayar da ke cikin tambayar, aka koma ga ainihin cutar da muka ambata, ta mai wasa ya ci nan ya ci can. Ke nan ba kowace kwaskwarima ce ta fi asali hikima ba. Wata gyara take yi, wata kuwa lallashi.

Ko gyaran kurakurai, wanda ake zaton ba shi da ra'ayi, bai tsira daga wannan ba. Akwai babban faci da wasu 'yan sa kai suka daɗe suna tarawa, wanda ya gyara dubban kurakuran da kamfanin ya bari, har ya zama kwaskwarima da yawa ba sa aiki sai da shi. A ƙauyen Shor's Stone akwai mahaƙar Redbelly, wadda mutanen ƙauyen ke magana a kanta a matsayin mahaƙar baƙin ƙarfe, amma abin da ke cikinta a wasan asali wani ma'adini ne mai tsada ƙwarai. Masu facin suka ɗauki wannan kuskure ne, suka mai da shi baƙin ƙarfe. Wasu 'yan wasa suka ce ba kuskure ba ne, ganganci ne, an taɓa abin da ba a aike su ba. Duk wanda ya taɓa kwatanta kwafe-kwafen wata tsohuwar waƙar ajami ya san wannan rigima: mai kwafa ya ga kalmar da bai gane ba, ya gyara ta da kyakkyawar niyya, masu zuwa baya su rasa ko gyara ya yi ko ɓarna.

Abin da Ba Ya Gyaruwa

Duk waɗannan gyare-gyare suna iya mayar da wahala, su mayar da tsoro, amma ba sa iya mayar da jahilci. Mai wasa yana iya raunana jikin tauraronsa yadda ya so, amma ƙwaƙwalwar da ke riƙe da linzami ta san wanda zai ci amana a ƙungiyar ɓarayi, ta san abin da ke ƙarƙashin Markarth. Shi ya sa aka saba jin masu wannan harka suna yi wa kansu dariya cewa sukan kwana uku suna jera kwaskwarima, su yi wasan na sa'a biyu, su rufe. Sukan kuma yi dariyar cewa duk irin tauraron da suka yi niyyar ginawa, ƙarshenta sai su tsinci kansu maharba masu sanɗa, domin hannu ya riga ya san hanya mafi sauƙi. Jiki magayi.

Hanya biyu aka bi domin tsere wa wannan. Ta farko ita ce a ƙara sabuwar ƙasa. A 2013 wani saurayi mai shekara 19, Alexander Velicky, ya fitar da Falskaar, tsibiri guda da labarinsa da muryoyinsa, aikin da ya sama masa gurbi a kamfanin Bungie. A 2017 aka fitar da Bruma, wadda ta buɗe iyakar kudu zuwa lardin Cyrodiil. Ƙungiyar SureAI ta ƙasar Jamus ta wuce nan: a 2016 ta fitar da Enderal, wadda ta ɗauki injin Skyrim kawai ta zubar da Tamriel gaba ɗaya, ta kawo nahiyarta da tarihinta da labari mai duhu wanda, a ganina, ya fi na asali tsari da nauyi. To, amma wanda ke cikin Enderal ba sake Skyrim yake yi ba. Ya bar gidan ne, ya tafi da tubalinsa.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma misalinta guda ne da na sani ya cika. A 2015 wani ɗan ƙasar Ostareliya, Nick Pearce, ya fitar da The Forgotten City. Birni ne a ƙarƙashin ƙasa, mai doka guda: in mutum ɗaya ya aikata laifi, kowa zai halaka. Mai wasa yana komawa baya cikin lokaci domin ya gano wanda zai jawo halakar, kuma in abin ya ɓaci yana iya sake komawa mafari, yana riƙe da duk abin da ya riga ya sani. Abin lura shi ne, sanin da ke kashe daɗin sake wasa shi ne a nan aka mayar makami. Tauraro da mai wasa sun zama daidai, dukansu sun taɓa ganin wannan rana, dukansu suna amfani da abin da suka gani. Sauran masu kwaskwarima suna yaƙi da ƙwaƙwalwar mai wasa, shi kuwa Pearce ya ɗauke ta aiki. Rubutun ya sami lambar yabo ta ƙungiyar marubutan Ostareliya a 2016, kuma a 2021 aka sake gina shi ya zama wasa mai zaman kansa, aka mai da birnin na Rumawa.

Ba zan wuce ba sai na ambaci wadda ta fito a 2013 ta mai da dodanni suka koma Thomas, jirgin ƙasan nan mai fuska na shirin yara. Ana ɗaukarta shashanci, kuma shashancin ce. Amma ita ma tana faɗin wani abu: dodon da aka kashe sau ɗari ya daina ba da tsoro, abin da ya rage a yi da shi sai raha.

Tahamisi da Iyakarsa

Wace kalma ce a cikin kayan aikinmu na nazari ta fi dacewa da wannan al'ada? Ba fassara ba ce, ba kuma sharhin gefen shafi ba ne, domin shi sharhin gefe yana barin matani a tsakiya, mai karatu yana iya ƙin kallonsa. Abin da ya fi kusa shi ne tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki waƙa 'yar ƙwar biyu ta wani, ya ƙara ɗango uku nasa a gaban kowane baiti, ta koma 'yar ƙwar biyar, yana bin karin mai asali da amsa-amonsa. Ishiriniyar Alfazazi da aka saba karantawa a ƙasar Hausa da tahamisin Ibn Mahib take tafe, har da yawa daga masu rera ta ba sa rarrabe inda wannan ya tsaya da inda wancan ya fara. Haka mai sake Skyrim yake: bayan shekaru yana wasa da kwaskwarima, sau da yawa ba ya iya tuna ko wani gida ko wani abokin tafiya na asali ne ko ƙari. Kuma kamar yadda kari ke ɗaure mai tahamisi, haka injin wasan ke ɗaure mai kwaskwarima. Gwanintarsa tana bayyana ne a yadda ya sa ƙarinsa ya saje.

Sai dai kwatancin yana da iyaka ta fuska uku, kuma a wurin iyakar ne sabon abu yake. Da farko, mai tahamisi ba ya goge ɗangon mai asali, mai kwaskwarima kuwa yana gogewa. Na biyu, tahamisi aikin mutum ɗaya ne a kan waƙa ɗaya, alhali mai wasa yana iya ɗora ɗaruruwan gyare-gyare na mutanen da ba su san juna ba. Ƙa'idar injin ita ce, in biyu suka taɓa abu guda, wadda aka loda daga baya ita ke da magana ta ƙarshe. Don haka jerin lodi ba ƙaramin al'amari ba ne, har aka ƙera manhajoji irin su LOOT da Mod Organizer domin tsara shi. A da adadin da injin ke ɗauka bai wuce 255 ba, sai a 2017 aka shigo da wani nau'i mara nauyi da ya ba da damar dubbai. Wanda ya zaɓa ya jera, ya sasanta masu karo da juna, shi ma ya zama mawallafi ta wata fuska, ko aƙalla edita. Sakamakon haka shi ne da wuya a sami mutum biyu masu Skyrim iri ɗaya.

Fuska ta uku ita ce mafi nauyi. Alfazazi ya riga mu gidan gaskiya, baitinsa ba ya motsi. Mai asalin Skyrim kuwa yana nan da rai, kamfani ne, kuma yana iya sauya matanin a ƙarƙashin ƙafar masu ƙari a duk ranar da ya so.

Matanin Na Wa?

A watan Afrilu na 2015 kamfanin Valve, mai kasuwar Steam, tare da Bethesda suka buɗe sayar da kwaskwarimar Skyrim da kuɗi, inda mai kwaskwarima zai sami kashi 25 cikin ɗari. Ba a yi mako guda ba aka janye tsarin saboda boren 'yan wasa. Ba rowa kaɗai ta jawo boren ba. Tun a kwanakin farko aka cire wata kwaskwarimar kamun kifi daga kasuwa domin ta dogara da aikin wani wanda bai yarda a sayar da nasa ba. Wannan ya nuna yadda abin yake a sarƙe: kowa a kan kafaɗar wani yake tsaye, kuma al'adar da aka gina bisa aro da kyauta ba ta da ma'aunin raba riba. Duk da haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa masu boren ne kaɗai ke da gaskiya. Mutumin da ya ba da shekara biyu na rayuwarsa ga aikin da ke sa jama'a su ci gaba da sayen wasan kamfani, ya tashi da godiya kawai, yana da abin cewa. Kamfanin bai bar maganar ba: ya dawo da ita a 2017 da sunan Creation Club, ya kuma faɗaɗa ta a watan Disamba na 2023.

Ga kuma batun sauya matani. A 2016 aka fitar da sabon bugu, Special Edition, wanda ya tilasta a sake juya tsofaffin gyare-gyare kafin su yi aiki, ko da yake shi ne ya kai kwaskwarima ga masu na'urorin Xbox One da PlayStation 4. A watan Nuwamba na 2021, domin cikar wasan shekara 10, aka sake sabunta shi, sabuntawar da ta karya ɗimbin gyare-gyaren da suka dogara da manhajar SKSE. Mutane da yawa suka hana kwamfutocinsu karɓar sabon bugun, wasu suka nemi hanyar komawa tsohon. A wannan shekarar ce kuma Nexus Mods ya sanar cewa masu kwaskwarima ba za su ƙara iya share ayyukansu gaba ɗaya daga dandalin ba, domin kada jerin da wasu suka gina a kansu ya rushe. Ya ba da wa'adin wata guda, wasu kuwa suka kwashe kayansu suka fita. Kowane ɓangare yana da hujja. Mai aiki yana ganin ikon janye aikinsa haƙƙinsa ne, mai jeri yana ganin an zare masa tubali daga tsakiyar gini.

Abin da wannan ke nufi ga manazarci a fili yake. Wanda ya rubuta cewa tafiya a Skyrim tana da ban tsoro, ko cewa labarin yana bai wa mutum zaɓi, dole ne a tambaye shi wane Skyrim yake nufi, bugun wace shekara, da wace kwaskwarima, a wane jeri. Kamar yadda ba ma karɓar sharhin waƙa daga wanda bai faɗi kwafin da ya dogara da shi ba, haka ya kamata a nemi mai sharhin wasa ya bayyana jerinsa. Akwai manhajar Wabbajack, wadda ke sake gina jerin wani a kwamfutar wani daidai wa daida, kuma ita ce mafi kusa da abin da za mu kira tabbataccen kwafi. Sai dai ita ma ba ta ajiye gyare-gyaren a cikinta, tana ɗebo kowanne ne daga inda mai shi ya ajiye, saboda haka ranar da ɗaya ya ɓace daga mazauninsa, ko kamfanin ya sake taɓa wasan, jerin ba zai ginu ba sai mai shi ya sake zama a kansa.